An ce an cire ƙarin mafitsara duka, to me yake dawo da shi?

Tambaya ce da take yawan fitowa daga bakin marasa lafiya da 'yan uwansu, wani da murya mai rawa, wani cikin fushi: "Likita, ba kai ka ce mana an cire shi duka ba? To wannan kuma daga ina?" Mutum ya ga jini a fitsarinsa, an bincika an gano ƙari a mafitsara, an shiga da shi ɗakin tiyata, an fito an ce aiki ya yi kyau. An yi masa barka da arziki, hankalin kowa ya kwanta. Bayan wata tara ko shekara guda aka sake leƙawa, sai ga wani tsiron ya ɓullo.

Daga nan magana takan rabu gida biyu a cikin iyali. Wasu su ce likitan ne bai iya aikinsa ba. Wasu su ce ai dama ciwon daji in wuƙa ta taɓa shi bazuwa yake yi, da an sani an bar shi. Duka biyun sun kauce hanya, kuma abin da ya fi damuna da su shi ne inda suke kai mutum: ya yanke ƙauna, ya daina zuwa asibiti, daidai lokacin da zuwan ya fi yi masa amfani.

Ƙarin mafitsara yana cikin nau'o'in ciwon daji da suka fi yawan dawowa bayan an cire su. Halinsa ke nan, ko a hannun likitan da ya fi kowa ƙwarewa. Sai dai dawowarsa, a mafi yawan mutane, ba ita ce ke kisa ba. Sai an fahimci yadda waɗannan maganganu biyu suke zama gaskiya a lokaci guda kafin a san abin tsoro da abin da ba na tsoro ba.

Inda ƙarin yake zaune

Mafitsara jaka ce ta tsoka da take tara fitsarin da ƙoda biyu suke tacewa, tana iya riƙe kusan rabin lita. A ɗauki bangonta kamar bangon ɗaki. Akwai yaɓen ciki, wato siririyar fatar da fitsari yake taɓawa dare da rana. Ƙarƙashin yaɓen akwai wani ɗan shimfiɗi mai taushi da jijiyoyin jini suke ratsawa. Bayansa sai tubalin kansa, tsokar da take matsewa ta fitar da fitsari.

Kusan duk ƙarin mafitsara daga yaɓen nan yake farawa. Tambayar farko da likita yake neman amsarta ita ce zurfin da ya yi. In yana kan yaɓe kawai, za ka ga an rubuta Ta a takardar sakamako. In ya ratsa zuwa shimfiɗin ƙasa amma bai taɓa tsoka ba, T1 ke nan. In ya kama tsoka, an shiga T2, kuma daga nan lissafi ya sauya baki ɗaya. Kimanin mutum uku cikin huɗu da aka gano musu cutar, ana gano ta ne kafin ta kai tsoka. Mafi yawan bayanin da zai biyo baya a kansu yake.

Tambaya ta biyu ita ce halin ƙwayoyin ƙarin. Ana kai abin da aka cire ɗakin gwaje-gwaje, a duba shi a madubin likita. Wasu ƙwayoyin suna kama da 'yan uwansu masu lafiya, suna girma a hankali, su ake kira masu ƙaramin mataki. Wasu kuma sun rikiɗe sun fita kamanninsu, suna hayayyafa ba tsari, su ne masu babban mataki. Akwai kuma wani nau'i mai yaudara da ake rubutawa CIS. Ba ya tsirowa sama ballantana a gan shi a matsayin ƙari. Kwanciya yake yi a kan yaɓe kamar ɗan jan tabo, wani lokaci ma ido ba ya bambanta shi da fata mai lafiya, alhali kullum babban mataki ne.

Me ake nufi da "an cire duka"?

Tiyatar farko, wadda ake taƙaitawa da TURBT, ba a yanka ciki a yinta. Ana bi ta hanyar fitsari da wani siririn ƙarfe mai fitila da kyamara, a cika mafitsara da ruwa domin ta buɗe. A allon da ke gaban likita, ƙarin yakan bayyana kamar ɗan tsiron ciyawar ruwa, mai reshe-reshe, yana kaɗawa a hankali duk lokacin da ruwa ya motsa. Likita zai riƙa fere shi da wata 'yar lanƙwasasshiyar waya mai ɗauke da lantarki, yanki bayan yanki, har ya kai gindinsa, ya haɗa da ɗan tsokar da ke ƙarƙashi, sannan ya ƙona bakin jijiyoyin da ke zubar da jini. Mara lafiya ya farfaɗo da robar fitsari, fitsarin ya yi ja na kwana kaɗan, ya washe. Wajen kwana goma zuwa mako biyu, in ɓawon gyambon ya faɗi, jini yakan ɗan sake fitowa, abin da yake firgita mutane da yawa saboda ba a gaya musu ba.

To in likita ya fito ya ce an cire duka, abin da yake nufi shi ne duk abin da idonsa ya gani ya cire. Gaskiya ya faɗa. Amma mafitsarar tana nan, yaɓenta yana nan, kuma a nan gizo yake saƙar.

Daga ina sabon yake fitowa?

Wani lokaci saiwa ce ta rage. Ƙari mai faɗin gindi, ko wanda ya zauna a lungun da ƙarfe ba ya kaiwa cikin sauƙi, yana iya barin ɓurɓushi. Wani lokaci kuma dama akwai wani ɗan ƙarami a wani gefe, bai kai girman da kyamara za ta nuna shi ba, sai bayan watanni ya fito fili. Waɗannan biyun, in an bi diddigi, ba dawowa suka yi ba, dama ba su tafi ba.

Hanya ta uku ita ce inda masu cewa "wuƙa tana baza shi" suke da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ba. Yayin da ake fere ƙarin, ƙwayoyinsa suna warwatsuwa cikin ruwan da ke mafitsara. Wasu suna iya sauka a kan gyambon da aka bari ko wani wuri da ƙarfe ya kurje, su manne, su yi saiwa, kamar irin da ya faɗa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma a lura, cikin mafitsara abin yake faruwa, kuma akwai maganin da aka tanada musamman dominsa, za mu zo kansa. Barin ƙarin a wurinsa saboda tsoron wannan, shi ne ba shi damar ya nutsa cikin tsoka, inda yake samun hanyar zuwa sauran jiki.

Hanya ta huɗu ita ce ta fi muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi jahilta. Abin da ya haddasa ƙarin farko bai taɓa wuri ɗaya kawai ba. Guba irin ta hayaƙin taba tana shiga jini, ƙoda ta tace ta, ta zubo mafitsara, ta zauna awa da awanni tana jiƙa yaɓen gaba ɗayansa, yau da gobe, shekara ashirin ko talatin. Ƙarin da aka cire shi ne wurin da ya fara fashewa. Sauran yaɓen ma ya sha irin wannan wahala, kuma kowane sashe nasa yana iya haifar da nasa tsiron. Duk wanda ya taɓa fama da gara a ɗaki ya san wannan: ka kankare zanen da ta yi a wannan kusurwa, bayan kwana biyu ta ɓullo a waccan, domin ba a saman bango gidanta yake ba. Shi ya sa sabon ƙari yakan fito a wani wuri daban da na farko, kuma shi ya sa ake sa ido har kan ƙoda da bututan da suke sauko da fitsari daga gare ta, tunda irin yaɓe ɗaya ne ya lulluɓe su duka.

Me alƙaluma suka ce?

A 2006, ƙungiyar Turai mai binciken ciwon daji, EORTC, ta tattara bayanan marasa lafiya 2,596 waɗanda ƙarinsu bai kai tsoka ba, ta fitar da jadawalin da likitoci suka daɗe suna dogaro da shi. Abin da aka gani shi ne, cikin shekara ɗaya bayan tiyata, yiwuwar dawowa tana farawa daga kashi 15 cikin 100 ga masu mafi sauƙin hali, ta kai kashi 61 ga masu mafi tsanani. Cikin shekara biyar, daga kashi 31 zuwa kashi 78.

Tazarar tana da faɗi ƙwarai, kuma faɗin nata shi ne darasin. Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Abubuwa shida ne suke tura mutum wannan gefe ko wancan: yawan ƙarin da aka samu, girmansa (santimita 3 ita ce iyakar da ake dubawa), ko ya taɓa dawowa a baya da kuma saurin dawowar, zurfinsa, matakin ƙwayoyinsa, da ko akwai CIS a tare. Mai ƙari ɗaya tak, ƙarami, na farko, Ta, mai ƙaramin mataki, yana can ƙarshen sauƙi. Mai ƙari takwas ko fiye, manya, da suka riga suka dawo sau biyu a shekara, yana ɗaya ƙarshen. Dukansu an ce musu "ciwon dajin mafitsara", amma ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Shi ya sa labarin maƙwabcin gado, ko na wani da aka karanta a intanet, ba ya zama ma'auni.

Wani abin lura kuma, yawancin mutanen da aka gina jadawalin a kansu an yi musu magani ne kafin wasu matakan da ake bi yanzu su zama ruwan dare. Da likitocin Sifaniya suka yi irin wannan lissafi a 2009 a kan marasa lafiya 1,062 da suka karɓi maganin BCG (wani magani da ake ɗurawa cikin mafitsara, za mu zo kansa), alƙaluman masu haɗari sun yi ƙasa da na farko. Wanda ya samu cikakkiyar kulawa a yau, akwai dalilin ya sa ran abin da ya fi na tsohon jadawali kyau.

Dawowa daban, nutsawa daban

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe, wannan ne. Likitoci suna auna haɗari iri biyu, kuma ba sa haɗa su. Na farko, ƙarin ya sake fitowa a matsayinsa na da, a kan yaɓe. Na biyu, ya dawo ya fi da zurfi, ya kama tsoka. Na farko wahala ce: wata tiyatar, wani kashe kuɗin, wata fargabar. Na biyu shi ne barazana ga rai.

A wancan jadawali na 2006, yiwuwar nutsawa cikin shekara biyar ta fara ne daga ƙasa da kashi 1 cikin 100, ta kai kashi 45. Ka ga ke nan mai ƙarin ƙaramin mataki yana iya ganinsa ya dawo sau uku, sau huɗu, ana cirewa, ya tsufa ya rasu da wani dalili daban. Mai T1 na babban mataki da CIS a tare kuwa, ko sau ɗaya ya dawo, magana ce babba. CIS in an bar shi ba magani, kusan rabin masu shi sukan wayi gari ya shiga tsoka.

Don haka idan aka ce maka ya dawo, kafin zuciya ta tsinke, tambayoyin da za ka yi su ne: "Likita, wane mataki ne? Ya yi zurfi fiye da na baya? An samu tsoka a cikin abin da aka kai gwaji, kuma tana da lafiya?" Amsoshin nan uku sun fi kalmar "ya dawo" nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ake yi don tare masa hanya

Mataki na farko a ranar tiyata ake ɗaukarsa. Cikin awanni kaɗan bayan an gama, kuma kafin awa 24 ta cika, ana ɗura maganin kashe ƙwayoyin daji, irin su maitomaisin ko jemsitabin, kai tsaye cikin mafitsara ta robar fitsari, a bar shi kamar awa guda, a zubar. Aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin nan masu yawo kafin su manne. Wani babban nazari da aka buga a 2016 ya nuna wannan ɗurin guda ɗaya ya rage dawowa cikin shekara biyar daga kimanin kashi 59 zuwa kashi 45. Tunda a mafitsara maganin yake tsayawa, ba ya kawo zubewar gashi da galabaitar da aka san kemo na jijiya, wato maganin daji da ake sawa a jini, da su. Ba a yin sa in ana zargin bangon mafitsara ya huje a wajen aiki, ko jini yana zuba sosai.

Mataki na biyu shi ne wanda yake jawo wa likitoci zargi ba gaira ba dalili. Idan sakamako ya nuna T1, ko ba a ga tsoka a cikin abin da aka cire ba, akan ce mara lafiya ya dawo a sake shiga bayan mako 2 zuwa 6. Nan take sai a fara ƙus-ƙus: "Ashe bai gama ba ya ce ya gama." Alhali ƙa'idar aikin ke nan a duniya. A wajen masu T1, kusan rabi akan tarar da saura a shiga ta biyu, kuma a wasu 'yan kaɗan akan gano cewa ƙarin ya riga ya taɓa tsoka, abin da zai sauya maganin gaba ɗaya. Ni a ganina, likitan da ya ce a sake shiga ya fi cancantar a amince masa.

Sai kuma BCG, wanda labarinsa yake da ban mamaki. Rigakafin tarin fuka ne, wanda Albert Calmette da Camille Guérin suka samar a Faransa, aka fara bai wa ɗan Adam a 1921, shi ne dai wanda yake barin tabo a dantsen jarirai. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya wallafa sakamakon ɗura shi cikin mafitsarar marasa lafiya tara. Dabarar ita ce a tsokano garkuwar jiki. Ƙwayar cutar da aka raunana tana manne wa yaɓe, sojojin jiki su yo ca a kanta, a cikin wannan yaƙi su haɗa da ƙwayoyin daji. Kusan shekara hamsin ke nan, kuma har yau shi ne kan gaba wajen masu haɗari mai yawa.

Yadda ake yi: sau ɗaya a mako har mako shida. Mutum ya rage shan ruwa kafin ya zo, a sa masa siririyar roba, a ɗura maganin, a zare robar, ya riƙe fitsarinsa awa biyu. Daren ranar da washegari yakan ji zafin fitsari, yawan zagayawa, kasala da ɗan zazzaɓi kamar mai mura. Wannan alama ce ta cewa garkuwa ta motsa. Amma zazzaɓi mai zafi da ya wuce kwana biyu, ko rawar sanyi mai tsanani, ba abin zama a gida ba ne, asibiti ake nufa a ranar. Bayan makonni shidan farko akwai na ƙarfafawa: mako uku-uku a wata na 3, na 6, na 12, a ci gaba duk bayan wata shida, na tsawon shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon haɗarin mutum. A nan ne da yawa suke sarewa, saboda jiki ya yi sauƙi, zirga-zirga ta yi yawa, maganin kuma ba daɗi. Sai dai cin moriyar BCG, musamman wajen hana nutsawa, yana tare da wannan na ƙarfafawar. Ga kuma matsalar ƙarancinsa da duniya take fama da ita tun 2012, lokacin da wata babbar masana'antarsa a Kanada ta dakatar da aiki, abin da ya sa asibitoci da dama suke fifita masu haɗari mafi girma, sauran a ba su kemo na ɗuri.

Leƙen mafitsara, da dalilin da ya sa ba a fashinsa

Ƙaramin tsiro ba ya ciwo, sau da yawa ba ya ko zubar da jini. Hoton duban ciki yana iya tsallake shi. Gwajin ƙwayoyin fitsari yana kama na babban mataki sosai, amma na ƙaramin mataki yakan suɓuce masa. Abin da ya rage shi ne a leƙa da ido, wato sistoskofi. A yau da siririn bututu mai lanƙwasa ake yi, a shafa maganin kashe zafi, mutum yana farke, cikin 'yan mintoci an gama, ya tashi ya tafi gida.

Leƙen farko a wata na uku ake yi, kuma shi ya fi kowanne faɗin abin da ke gaba. In an tarar da mafitsara tas, alama ce mai kyau. Mai ƙaramin haɗari sai ya dawo a wata na 12, daga nan shekara-shekara har shekara biyar. Mai babban haɗari kuwa duk wata uku har shekara biyu, sannan duk wata shida har shekara biyar, sannan sau ɗaya a shekara muddin rai, tare da hoton ƙoda lokaci-lokaci. Wasu asibitocin suna da shuɗiyar fitila ta musamman, wadda bayan an ɗura wani sinadari take sa ƙwayoyin daji su yi haske ja-ja, har CIS da ke ɓoye ya fito.

Ba na raina nauyin wannan a zuciya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai masu kasa barci mako guda kafin ranar leƙe, akwai masu jin kunyar yanayin gwajin, akwai wanda kuɗin mota da na asibiti suke cinye masa abin da ya tara. Saboda wannan sa ido na shekaru ne ma ake lissafa cutar cikin mafi tsadar cututtukan daji a tsawon rayuwar mai ita. Iyalin da suke tare da irin wannan mutum, taimakon da ya fi shi ne su riƙe masa ranar, su raka shi, kada su ce "ai ka warke, me za ka je yi?" Tsiron da aka kama yana kamar ƙwayar gero, aikin mintoci ne. Wanda aka bari shekara uku saboda ba a ji komai ba, yana iya cin mafitsarar ɗungurungum.

Inda likitoci suka sha bamban

Ba a kan komai bakinsu ya zo ɗaya ba. Game da masu ƙananan tsiro na ƙaramin mataki da suke ta dawowa, wasu suna ganin yawan kai tsoho ɗakin tiyata ana sa shi barci ya fi tsiron kansa illa. Sun fi son a ƙona shi a wurin leƙe, ko ma a zuba masa ido har sai ya nuna alamar girma. Wasu kuma suna ganin a cire a kai gwaji kowane lokaci, don kada wani mai babban mataki ya ɓuya a cikinsu.

Saɓanin da ya fi zafi yana ɗaya ƙarshen. Mai T1 na babban mataki, da yawa, da CIS a tare: a gwada BCG a ceci mafitsara, ko a cire ta tun da wuri? Masu son a jira suna cewa da yawa BCG yana yi musu aiki, kuma rayuwa ba mafitsara ba ƙaramin sauyi ba ne. Masu son a cire suna cewa wanda aka yi wa aikin bayan ƙarin ya riga ya nutsa, sakamakonsa bai kai na wanda aka yi wa tun yana sama ba. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma shekarun mutum, ƙarfin jikinsa da abin da shi kansa ya fi so suna shiga lissafi. Inda kusan kowa ya yarda shi ne, in babban mataki ya dawo duk da cikakken BCG, ci gaba da maimaita shi ɓata lokaci ne. Cire mafitsara ne zaɓin da ya fi tabbas, ko da yake daga 2020 zuwa yau hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wasu sababbin magunguna ga waɗanda ba za su iya ko ba su yarda da tiyatar ba.

In an cire mafitsarar gaba ɗaya fa?

Wannan shi ne babban aikin da ake yi wa wanda ƙarinsa ya kama tsoka. A cire mafitsara da kaluluwar da ke kewaye, a ɗebi yankin hanji a yi wa fitsari sabuwar hanya, ko dai zuwa wata jaka da ake mannawa a gefen ciki, ko a ɗinka sabuwar mafitsara da hanjin. Wasu kuma akan bar musu mafitsarar, a haɗa musu tiyatar kankare ƙarin mai zurfi da kemo da gashin ƙarin da hasken radiyeshan.

A nan ma'anar dawowa ta sauya. Abin da ake tsoro shi ne ƙwayoyin da suka riga suka tsere ta jini kafin tiyata, su ɓullo a kaluluwa, huhu, hanta ko ƙashi. Mafi yawan irin wannan yana bayyana ne cikin shekara biyu zuwa uku na farko, kuma haɗarinsa yana bin zurfin ƙarin da ko an same shi a kaluluwa. Dalili ke nan da ake ba da kemo mai sisfilatin kafin tiyata ga wanda ƙodarsa za ta ɗauka, kuma ake ci gaba da ɗaukar hoton ƙirji da ciki bayanta.

Abin da yake hannun mai cutar

Taba sigari ce take da alhakin kusan rabin wannan cuta. Mai shan da aka cire wa ƙari ya koma ya ci gaba, yana zuba wa yaɓen da ya riga ya raunana irin gubar da ta kai shi gadon asibiti, kuma bincike ya nuna masu ci gaba da sha sun fi ganin dawowa. Ban san wani abu da mutum zai yi wa kansa kyauta, ba tare da likita ba, da ya kai barinta. Haka mai aiki da rini, fenti, roba ko fata a masana'anta ya kamata ya gaya wa likitansa sana'arsa. Tun 1895 wani likitan Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da yawan ƙarin mafitsara a tsakanin ma'aikatan masana'antar rini.

A sassan Afirka da Gabas ta Tsakiya akwai ƙarin dalili, wato tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi yake rayuwa. Ƙwayayen tsutsarta suna maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru, su haifar da wani nau'in daji na daban wanda yakan zo a nutse tun farko. A Masar shi ne ya fi yawa a da, kuma ya ragu sosai bayan an yaƙi tsargiyar. Illarta ta biyu ita ce ta sa mutane sun saba da ganin jini a fitsari har sun daina ɗaukarsa da muhimmanci. Mata ma suna faɗawa irin wannan tarko. Maza sun fi su kamuwa da cutar har kusan ninki huɗu, amma mata sukan zo a makare, saboda an yi ta ba su maganin ciwon sanyi ana maimaitawa ba a leƙa ba.

Wanda aka taɓa cire wa ƙari, kada ya jira ranar da aka rubuta masa in ya ga jini, ko gudan jini, ko zafin fitsari da yawan zagayawa da suka ƙi jin magani, ko ciwo a kwiɓi. Jinin wannan cuta yakan zo ba ciwo, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ya ɗauke da kansa, fitsari ya koma fari tas har na tsawon watanni, alhali tsiron yana nan yana girma. Ko sau ɗaya aka gan shi, a kira asibiti a nemi a matso da ranar leƙe.